Amsar da Babu a Jagora

Cikin duk ranakun aikina, Larabar da na tsaya wa wata takardar jarrabawa a Gaya ce ba ta taɓa fita raina ba. Ku sababbin malamai, ku buɗe kunne.

Kun dai sani, sai da na aurar da 'yata ta fari na fara riƙe fensir. Daga ajin yaƙi da jahilci na lallaɓa har na samu takardar malanta, aka ba ni ajin matan aure a Kademi. Don haka matar da ta zo karatu da furfura, ba labarinta ake ba ni ba.

Ga tsarin, don wanda bai sani ba. In an gama jarrabawar ƙarshen shekara, ana tara malaman Gaya da na Ajingi a aji ɗaya. Ba ka duba takardun ɗalibanka, musaya ake yi, kuma lamba ce a kan takarda, ba suna ba. Kowa a ba shi jan biro da jagora, wato takardar amsoshin da ake so. Amsar da ta kauce wa jagora, sai mai duba makarantu ya sa hannu kafin ta samu maki. Namu a lokacin Malam Habu ne, mutum mai tsari, ba ya son gardama.

Babbar tambayar Hausa ita ce a kwatanta wasu tsofaffin labarai biyu. A na farko, wata kyakkyawa ta ƙi mai sonta, ta bi attajiri mai raƙuma saboda zannuwa da awarwaro. Fatauci ya karye, kyau ya tafi, ta ƙare a wulaƙance. A na biyu, wata da ba a yi mata kallo biyu ta auri manomi talaka don so, suka yi ta haƙuri, har ran nan garmarsa ta daki tukunyar zinariya. Jagora ya ce: so ya fi dukiya, kyau ba ya ɗorewa. Shi ke nan.

Na duba takarda goma sha shida, duk bakinsu ɗaya da jagora. Ta sha bakwai daga ɓangaren Ajingi take, rubutun manya-manya, an danne biro har ya fito ta baya. Ga abin da ɗalibar ta rubuta: "Labaran nan uwarsu ɗaya. Ta farko an hukunta ta da talauci, ta biyu an saka mata da zinariya. Duka dukiya ce alƙali. In so ya isa, me ya kawo tukunya?"

Na karanta sau uku. Na duba sauran amsoshinta, na ga in ta rasa wannan tambaya ta faɗi. Kuma na san me faɗuwa take nufi ga matar aure. Ba maimaita aji ba ne, zama ne a gida, don da wuya maigida ya sake ba da izinin wata shekara.

Na kai wa Malam Habu. Ya leƙa, ya ce, "Malama Asabe, wannan ba ta fahimci darasi ba. Ja mata layi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan ja ba."

Wani malami daga baya ya ce, "Yau Kademi ta motsa."

Malam Habu ya ce, "Jagoran nan masu digiri suka rubuta shi."

Na ce, "Allah ya ƙara musu ilimi. Amma tambaya ta ce a kwatanta, ba ta ce a haddace ba. Ga littafin, karanta mana ƙarshen labari na biyu da ƙarfi. In babu tukunya, ni da kaina zan ja layin."

Ya karɓa yana ɓata rai, ya karanta. Da ya zo wurin tukunya sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya cire tabarau, ya ce, "Ikon Allah. Shekara nawa ina koyar da labarin nan, ban taɓa ganin haka ba." Ya sa hannu, ya ba ta makin duka. Wannan na yaba masa, har gobe.

Ranar raba takardun shaida na nemi mai lambar takardar nan. Dattijuwa ce mai ƙuli-ƙuli, Iya Talatu, hannunta duk ya yi kanta saboda aiki. Na ce, "Iya, wa ya koya miki amsar nan?"

Ta ce, "Wa zai koya min, Malama? Maigidana manomi ne. Tun muna yara yake huɗa, bai taɓa tono komai ba sai rogo. Ga ni nan, ban tafi ba. Mu wa ya yi mana labari?"

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake bar muku. Matan da ke zaune gabanku ba su iya baƙi ba, amma sun riga ku sanin duniya. Kafin ku ja jan biro a kan amsarsu, ku koma ku sake karanta littafin.