Ranar da Allurar Agogon Mai ta Faɗi

Na manta abubuwa da yawa daga cikin waɗanda na gani a kan hanya, amma ranar da allurar agogon mai ta faɗi muna tsakanin Illela da Gwadabawa ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Zamanin Turawa ne, lokacin da in mota ta shigo gari mata ke leƙowa ta saman danga su ga wucewarta.

Mahaifina bafatake ne. Ya yi rayuwarsa yana kai kaya arewa a kan raƙuma, ya komo da gishiri da kanwa. Da ya ga motoci sun fara cinye hanya, sai ya sayar da raƙumansa kaf ya sayi wata tsohuwar babbar mota a Sakkwato, ni kuma da na ɗan koyi tuƙi a can na zama direbanta. Gidanmu duka a kan motar nan ya rataya. In injinta ya ƙone babu wani a ƙasar nan da za a saka, kuma babu raƙumin da za a koma wa.

Baba bai taɓa ɗaukar motar a matsayin ƙarfe ba. Da safe sai ya zagaye ta, ya dafa gabanta, ya saurari kukanta, ya ce yau lafiyarta lau, ko ya ce yau tana jin ƙyuya. Dokokin fatauci ma duk ya ɗora mata, babbarsu ita ce ayari in ya tashi ba ya tsayawa sai zango. A ganinsa tsayawa a tsakiyar daji aikin rago ne, kuma kiran ɓarayi ne.

Wanda ke duba mana ita wani makaniki ne daga Ƙonni, dattijo mai ƙarancin magana da ya koyi aiki a garejin Faransawa. Wata ranar kasuwa ya tsallako da wani abu a ƙunshe cikin tsumma. Da ya kwance sai ga ɗan agogo mai allura ɗaya, da wani siririn bututun jan ƙarfe a naɗe. Ya ce daga wata matacciyar mota ya ciro shi. Ya ce motarmu makauniya ce, ba ta da abin da zai nuna ko baƙin mai yana zagaya inji ko ya tsaya, kuma kafin kunne ya ji matsalar aikin gama ya gama. Baba ya yi dariya ya ce ya yi shekaru yana gane raƙumi marar lafiya ba tare da an ɗaura masa agogo a wuya ba. Makanikin bai yi gardama ba. Ya tuna masa wata shekara da Baba ya ɗauko shi a kan raƙumi daga wata rijiya yana fama da zazzaɓi, ya ce ba sayarwa ya zo yi ba, a bar shi ya saka.

A gindin tsamiyar ƙofar gidanmu aka yi aikin, ni ina riƙe masa sifana. Ya kwance wani ɗan noti a gefen inji, inda mai ke bi, sai bakin bututun ya ƙi shiga ramin, domin zaren notin Faransa daban, na motarmu daban. Na ɗauka magana ta ƙare. Shi kuwa sai ya ɗauki notin da bakin bututun ya nufi maƙera, suka huda notin suka liƙa masa bakin da tagulla, maƙerin yana ta mita wai yau an sa shi aikin Nasara alhali ga fartanyun mutane na jira. Da ya dawo ya ɗaura, ya huda ƙarfen da ke tsakanin inji da mazaunin direba, ya naɗe bututun da fata inda zai goga. Kafin ya shigar da shi sai da ya yi masa lanƙwasa kamar awarwaro, ya ce girgizar hanya a nan za ta mutu, in an miƙe shi sambal karyewa zai yi.

Na murɗa hannun tayar da inji, mota ta kama, sai ga allura ta miƙe a hankali ta tsaya a tsakiya. A lokacin ban san ko lamba ɗaya ba, sai da girma ya zo na shiga ajin yaƙi da jahilci. Makanikin ya lura da haka, ya tsoma tsinke a jan fenti ya ja layi a kan gilashin. Sannan ya dube ni a gaban Baba.

"In allura ta sauka ƙasan jan nan, kashe mota. Ko wa ya ce ka tafi, kashe. Ko wanga tsoho ne."

"To, ga wani uban an yi maka," in ji Baba. Makanikin ya cusa garwar baƙin mai a ƙarƙashin kujerata, ya wanke hannu da ƙasa, ya kama hanyar Ƙonni.

An ɗauki lokaci allurar ba ta yi komai ba sai tsayuwa inda aka bar ta, har Baba ya riƙa rataya carbinsa a jikin agogon. Sai wata rana bayan kaka muka yi lodin fatu da albasa za mu Sakkwato, da fasinjoji a saman kaya, cikinsu har da wata tsohuwa mai goro daga Tozai wadda bakinta ba ya hutawa. Mun wuce wani wuri mai duwatsu da hantsi, na ji ƙasan mota ya ɗan bugi wani abu, ban damu ba. Can gaba na kai ido sai na ga allura tana rawa. Ta sauka, ta ɗan tashi, ta sake sauka, ta wuce jan layin. Inji kuwa yana kukansa mai daɗi kamar kullum.

Ban taɓa saɓa wa mahaifina a gaban mutane ba. Amma na kashe motar.

"Mi ya faru?" in ji shi. Na nuna masa agogon. Ya ce in tayar mu tafi, kunnensa bai ji komai ba, nan ba zango ba ne. Tsohuwar ta leƙo daga sama tana tambaya ko direba ya gaji ne a kawo masa tabarma, ta ce jakin kakanta ma sai ya ga ruwa yake tsayawa. Mutane suka yi ta dariya. Na ce, "Baba, ka yi mini gafara, bari in duba tukuna."

Na kwanta a ƙarƙashinta. Notin da ke toshe kaskon mai babu shi, sauran man na ɗiga a ƙasa. Dutse ya sassauta shi, girgiza ta ƙarasa. Baba ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Da mun ƙara ɗan nisa da inji ya ƙone, raƙumansa duka sun tafi a banza. Garwar mai tana nan, amma me za a zuba a kaskon da ba shi da marfi?

Sai na ga Baba ya miƙe, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya dubi baƙin layin da man ya ja a bayanmu. Ya ce kowa ya zauna, kada wanda ya taka masa sawu. Ya bi layin nan a sunkuye, hannu a baya, daidai yadda na sha ganin yana bin sawun raƙumin da ya ɓace. Inda layin ya fara bai tsaya ba, ya ce abu mai nauyi in ya faɗo daga abin da ke gudu gangarawa yake yi, ya duba inda yashi ya ɗan tsage, ya bi har gindin wata sabara. Ana kusa da azahar ya dawo da notin a tafin hannunsa.

Na wanke shi, na naɗa masa zare, na ɗaure iya ƙarfina, na juye garwar. Da na murɗa, Baba bai saurari inji ba. Fuskarsa na kan gilashin har allura ta haye jan layin, sannan ya ce alhamdu lillahi, ya cire carbinsa daga jikin agogon ya sa a aljihu. Tsohuwar ta miƙo mini goro ta ce ai ita dama ta san yaron nan yana da hankali.

Da muka komo, Baba da kansa ya tsallaka Ƙonni da rago. Makanikin ya tambaye shi ko yaro ya kashe motar. Ya ce ya kashe, kuma bai nemi izini ba. Dattijon ya ce to madalla.

Dukansu biyu sun rasu, Allah ya jiƙansu, kuma ba na yin salla ban sa su a addu'a ba. Ɗaya ya ba ni ido inda nawa ba ya kaiwa, ɗaya ya nuna mini tsohon sani ba ya lalacewa don sabo ya zo. Abin da na koya shi ne, in wanda ya san aiki ya ja maka layi, ka tsaya a kansa ko da duk mota na yi maka dariya, kuma kada ka raina tsohon da ke zaune kusa da kai, don wataƙila shi zai tsinto abin da ya faɗi.