Likitar da Aka Mayar Tafinta

Shekarar da hukumar asibitinmu ta gano cewa manyan likitoci ba su iya renon ƙanana ba, sai ta tara mu a wani ɗaki mai sanyi, ta kawo malami da majigi. Mu 'yan sashen gaggawa, da muka saba cin abinci a tsaye, aka zaunar da mu ana koya mana sauraro: ka dubi ƙaramin likita cikin ido, ka gyaɗa kai, ka tambaye shi yadda yake ji a ransa. An ba mu gahawa da dabino da takardar shaida. Ban ce babu amfani ba. Sai dai wanda ya fi kowa iya gyaɗa kan nan shi ne mutumin da na fi rainawa a asibitin.

Na san shi tun muna yara a unguwar Tandabawi, nan Makka. Mahaifiyarsa da tawa tare suke suyar waina in ana suna a unguwa, kakansa kuwa da ƙafa ya zo Makka daga ƙasar Katsina, kamar nawa. Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Amma da ya zura farar riga sai kunne ya toshe. Ko sannu ka ce masa, da Larabci zai amsa yana duba agogo.

Shi aka ba renon wata sabuwar likita, 'yar Makka ita ma, jinin Hausawa. Shekarar gwaji take yi. In ya yabe ta a ƙarshe a bar ta ta ƙware a aikin gaggawa, in ya kushe ta tattara ta nemi wani sashe, ita kuwa ba ta da burin da ya wuce wannan.

Laifinta ɗaya, tana jin Hausa kuma ba ta ɓoye ba. Alhazai da masu Umara daga Najeriya da Nijar ba sa yanke mana, tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga da waɗanda rana ta buga. Ni ma nakan fassara, amma babu mai iya janye babbar likita daga kan mara lafiya. Ita kuwa ƙarama ce, kowa ƙwala mata kira yake. Sai ta sa safar hannu za ta koyi zura bututun numfashi, a ce ta zo ta ji abin da wata Hajiya ke faɗa. Kafin ta dawo an ba wani abokin karatunta ya yi. Duk mako kuma mai renon nata zai zaunar da ita, ya karkata kai, ya tambaye ta yadda take ji a ranta.

Na tare shi a baranda, na yi masa Hausa da gangan.

"Daktur, yarinyar nan fa tafinta aka mayar da ita. Kai ke renonta. Ka sa baki a nemo tafinta, ko mu raba aikin mu uku."

Da Larabci ya amsa, wai mai reno na gari ba ya warware wa ɗalibi matsala, taimaka masa yake ya gano mafita da kansa. Haka malamin majigi ya faɗa, ya haddace tsaf kamar yaron allo. Na je wurin shugaban sashe, shi ma ya ce hurumin mai renonta ne.

Bayan aikin Hajji yarinyar ta zo gidana a unguwar Shisha, ido ya yi ja. Ta ƙi taɓa shayin da na zuba mata.

"Yaya, ya ce hannuna bai faɗa ba. Wai 'yan ajinmu duk sun wuce ni, in ban gyara ba ba zai iya yabona ba. Na ce to yaya zan yi, ya'ani, kullum ana kirana? Sai ya tashi ya rufe ƙofa. Wallahi Yaya, Hausa ya yi min, Katsinanci tsantsa. Ya ce, ke wa ya aike ki? Ni kin taɓa jin an kira ni? Ki kama bakinki, shi ke nan."

Shawarar kirki ɗaya ke nan da ya iya bayarwa a shekara guda, ita ma sai da ya rufe ƙofa. Raina ya ɓaci, don na san dabarar za ta yi aiki.

Ta kuwa yi. Da farko ta riƙa cewa Hausarta ta gida ce, ba ta kai ta asibiti ba, sannu a hankali aka daina nemanta. Hannunta ya faɗa, ya yabe ta, aka bar ta a sashen. Shi kuma aka ba shi lambar yabo ta gwanin reno, ya karɓa yana dafe da ƙirji.

Wata rana da hantsi aka kawo wata tsohuwa 'yar Umara tana riƙe da ƙirji, tana haki. Ta ga fuskar ƙaramar likitar nan sai ta kama hannun rigarta.

"'Yata, kina jin Hausa? Don Allah ki ce kina ji."

Ina bakin gadon da ke kusa, labule kawai ya raba mu. Na ji likitar ta ce wa ma'aikaciyar jinya da Larabci a kira wanda zai fassara. Na ɗaga labulen na shiga. Likitar ta riga ta sami jijiya a hannun tsohuwar, sau ɗaya, ko ɗigon jini babu, aiki mai kyau ƙwarai. Ba ta ɗago ta dube ni ba.

Na gai da tsohuwar, ta sauke ajiyar zuciya ta damƙe yatsuna. Sannan ta nuna likitar da haɓa, ta ce min a hankali:

"Ki ba ta haƙuri, na ja mata riga. Na zaci tamu ce."