Kazar da Ta Kai Malama Yola

A shekarun da gwamnati ta buɗe ƙofar firamare ta ce kowa ya kawo ɗansa kyauta, malamai suka yi ƙaranci a Jihar Gongola, har aka riƙa kwaso irinmu daga kwalejin horon malamai tun ba mu gama nuna ba. Ni aka jefa ni wata makaranta a bakin garin Mubi, ta hanyar Mugulbu, aka ba ni aji uku. Bango ɗaya ne tsakanina da aji ɗaya, shi ma bangon bai kai rufi ba. Duk abin da ake yi a can ina ji, wani lokaci ma ɗalibaina su bar ni ina ta bayani su kama amsa waƙar maƙwabta.

Mai aji ɗayan wata mata ce daga duwatsun Michika, gajeriya, mai saurin tafiya, wadda ke jan waƙa a cocinsu ranar Lahadi. Ta girme ni sosai. Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanina. Yaran da ake kawo mata kowa da yarensa: wannan Gude, wancan Fulatanci, wani Kamwe, wani kuma kuka kaɗai ya iya. Ta san abin da za ta rarrashi yaro da shi a kowane yare, ta kuma san abin da za ta tsawata masa. Kafin shekara ta raba, sai ka ji sun fara haɗa baƙi. Iyaye sun san da haka, don suna aiko mata da gyaɗa da rake. Hukuma ce ba ta sani ba, kuma da an bar ta a cikin rashin saninta da ya fi wa kowa.

Hedimastanmu mutum ne mai son baƙi daga Yola fiye da yadda yake son albashinsa. Kwat yake sawa ko ana zafin da kwalta ke narkewa. Hausarsa irin ta Mubi ce, ba ruwanta da namiji ko mace. Kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Malama ya zo?" In aka ce ta zo, sai ya koma ofis hankalinsa kwance, ya san aƙalla aji ɗaya yana aiki.

Wata rana da damina Yaya ta zo da kazarta a cikin kwando. Yaranta sun kasa raba K da Ƙ, abin da manyan garin ma ba su damu da rabawa ba. A ranar ne kuma wani sufeton makarantu daga Yola, wanda ke kan hanyarsa ta zuwa wata makarantar daban, ya tarar mayo, wato kogin da ke kan hanyar, ya cika ba a haurawa. Don kada ya koma da hannu biyu, sai ya juyo da mota ya shigo tamu ba sanarwa. Hedimasta ya ruɗe, ya tura shi ajin da ya tabbata akwai malami a ciki. Ni kuwa na ba yarana rubutu, na taka benci ina leƙe ta saman bango.

Yaya ba ta ko kalli baƙon ba. Ta ɗaga kazar ta ce, "Wannan mece ce?"

"Kaza!"

Ta taɓa kanta. "Nan fa?"

"Kai!"

Ta kama ƙafarta. "Nan?"

"Kafa!"

"A'a. Ƙafa. Ku matse maƙogwaro, kamar ƙayar kifi ta maƙale muku."

Aji ya kaure da kakari, amma Ƙ ba ta fito ba. Ta mayar da kazar cikin kwando ta juya wajen allo. Tana cikin rubutu kazar ta yi wani irin kuka ta miƙe tsaye. Yaya ta sa hannu ta ciro ƙwai, da ɗuminsa. Yaran nan, saboda mamaki, suka haɗa baki suka ce "Ƙwai!" da Ƙ mai kyau, irin wadda Bakano zai ji ya yi murna. Sufeto ya tashi tsaye yana tafi. Ya tafi bai duba ko aji ɗaya bayan wannan ba, abin da ya yi mini daɗi ƙwarai.

Bayan 'yan watanni labari ya zo cewa an zaɓi Yaya gwarzuwar malamar firamare ta jiha. Hedimasta ya ɗinka sabuwar kwat ya raka ta Yola. Da ta dawo na tambaye ta yadda aka yi.

Ta ce, "Ƙanina, ni ban gane matar da suke yabo ba. Wani babba ya tashi ya ce na shigo da ilimin kiwon kaji cikin koyar da harshe, wai na horar da kaza tana yin ƙwai a daidai inda darasi yake buƙata. Na buɗe baki zan ce kazar ce ta ga dama, sai Hedimasta ya taka mini ƙafa."

"Me suka ba ki?"

"Agogon bango da takarda a cikin gilashi."

"Ina suke?"

"Suna ofishin Hedimasta. Ya ce gidana ba tsaro."

Daga nan makarantarmu ta zama wurin yawon buɗe ido. Duk babban da ya zo Mubi, ko zancen taki ya kawo shi ko na rigakafin shanu, sai an biyo da shi ya ga darasin kaza. Baƙon farko ya zauna har aka gama, kaza ba ta yi komai ba sai kashi. Ya dubi Hedimasta ya ce, "To, ina ƙwan?" Ran nan Hedimasta bai ci abincin rana ba. Washegari ya fito da tsari: in za a yi baƙi, a sa ciyawa a kwandon, a ɓoye ƙwai a ƙarƙashi, in lokaci ya yi Malama ta ciro. Ya kuma sanar da cewa kazar ta zama kayan koyarwa, ba za ta ƙara kwana a gidan Yaya ba. Aka ɗaure ta a bayan ofis, tana cin dawar makaranta.

Yaya ta ƙi yarda da ɓoye ƙwan, ya lallashe ta, ya ce sau ɗaya ne. Sau ɗayan nan ya cinye shekara. Akwai ranar da aka rasa ƙwan kaza, mai gadi ya kawo na zabuwa. Da ta ciro shi, wata yarinya 'yar manoma ta ce da ƙarfi, "Malama, wannan ƙwan zabo ne!" Baƙon ranar, wani mai tabarau daga ma'aikatar ilimi, ya gyaɗa kai ya ce lallai wannan tsari yana kaifafa basirar yara, ya ce zai ba da shawarar a yaɗa shi a duk jiha.

Yaran ajin kuwa sun ƙware a kan K da Ƙ har sun fi ƙarfin kowa a Gongola, amma nan suka tsaya. In ba baƙi, ana shirin zuwan baƙi: a share fili, a shafa farar ƙasa a duwatsun bakin hanya, a aro wa marasa riga rigunan 'yan aji biyu. Na ji lokacin da Yaya ta tare Hedimasta a ƙofar aji.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, shekara ta kusa ƙarewa, yaran nan ba su kai M ba."

Ya ce, "Malama, M ya ci mana lamba ne? K ne ya ci. Ka riƙe K da kyau."

Ta juya ta koma aji. Amma daga ranar na lura tana tsayar da yaran bayan an tashi, tana koya musu sauran haruffa a ɓoye, kamar mai sayar da kayan fasa-ƙwauri daga Kamaru.

Ana haka sai manya suka yi tunani mai zurfi, suka gano cewa malama irin wannan ta fi ƙarfin a bar ta a aji. Aka ƙara mata girma, aka mayar da ita ofishin ilimi na cikin gari a matsayin mai duba makarantu. Ajinta aka ba wani ɗan ƙanwar Hedimasta, tare da kwando da kaza. Wannan bai taɓa yin gardama ba, darasin nan guda ya riƙe har ya yi aure.

Na je gaishe ta a sabon ofis. An ba ta tebur babba a ɗaki mai fanka, ba komai a kan teburin sai hannayenta. Ta rame. Ta ce mini tun da ta zo aikin da ta yi shi ne tashi tsaye in Sakataren ilimi zai wuce. Da na koma bayan wata biyu na tarar ta ɗan murmure, ashe ta gano masinjan ofis da matan da ke toya ƙosai a bakin ƙofa ba su iya karatu ba, ta buɗe musu aji a bayan garejin motoci.

Da aka samu man mota aka fara tura ta duba makarantu, abin ya ƙara lalacewa. Za ta shiga aji ta zauna a baya kamar yadda aka koya mata, ta daure na ɗan lokaci, sai ta miƙe ta ce wa malamin, "Ba ni allin nan." Shi ke nan, sai an kaɗa ƙararrawar tashi. Malaman ƙauye suka ƙaunace ta, in sun hango ta sai su miƙa mata alli su wuce gona. Rahoto kuwa ko ɗaya ba ta rubuta ba. Sakatare ya kira ta ya ce, "Malama, dubawa aka ce ki yi, ba koyarwa ba." Ta ce ai ta duba, abin da ta gani ne ya sa ta koyar.

Abin da ya ƙure haƙurinsu shi ne wani taron malamai da aka shirya a Mubi, manya suka zo daga Yola, ita ce za ta yi jawabi a kan sirrin nasararta. Aka cika zaure, aka raba lemo, babu ita. Sai da yamma aka gano tana ƙauyen Muchalla. Ta je da sassafe don ta leƙa wata makaranta ta dawo, ta tarar da aji cike da yara malaminsu ya tafi cirar gyaɗa, ta manta da taron gaba ɗaya.

Aka zauna a kan hukuncin da ya dace da ita. Kora ba ta yiwuwa, don hotonta yana rataye a ma'aikata. A ƙarshe suka zaɓi mafi tsananin abin da suka sani: a cire ta daga ofis, a mayar da ita aji ɗaya, a Sahuda, can kusa da iyaka. Sakatare da kansa ya gaya mata, yana ba ta haƙuri, yana cewa kowa da irin jarrabawarsa. Ta ce mini ta sha wuya kafin ta riƙe fuskarta a ɗaure har ta fita daga harabar. Daga can gidana ta wuce, tun daga zaure ta rangaɗa guɗa, matata ta fito a guje tana tambaya wa ya haihu.

Hedimastanmu shi ma daga baya an ba shi tasa lambar, ta gwanin renon malamai, aka ɗauke shi zuwa Yola, inda na ji ya kai babban matsayi a sashen tsara manhaja.

Na kai mata ziyara Sahuda wata ranar kasuwa, a bayan acaɓa. Ajin nata rumfar zana ce, yara sun cika ta har waje, waɗansu ma daga tsallaken iyaka iyayensu ke turo su. Furfura ta fito mata, amma tafiyar tana nan da saurinta. Ina sauka, ko ruwa ba ta bari na sha ba.

Ta ce, "Ƙanina, ka zo a daidai. Kwashi waɗancan dogayen ka kai su gindin mangwaro. Ƙidaya suke yi, sun maƙale a goma sha ɗaya."

Na ce, "Yaya, gaisuwa na zo yi."

Ta ce, "Na amsa. Tafi."

Na kwashe su muka tafi. Kafin mu tashi mai acaɓan ya gaji da jira ya kama gabansa. A bayan wata akori-kura mai ɗauke da buhunan masara na dawo Mubi, da rabin ƙwaryar gyaɗa a cinyata, wadda uwar ɗaya daga cikin dogayen ta ba ni don ɗanta ya kai ashirin.