Tukunyar Uwarmu a Gidan Tarihi

A da, idan aka ce tarihi a Kontagora, bakin tsofaffi ake nufi. Mutum ya je gindin bishiya bayan la'asar ya zauna, wannan ya faɗi yadda aka yi, wancan ya ƙaryata shi, a tashi ba a daidaita ba. Yanzu tarihi ya samu ɗaki da ƙofa da kwaɗo. Wasu tsofaffin malaman makaranta ne suka haɗa kai, suka samu aron wani tsohon gini, suka tara kayan da a ciki, suka ce iyaye su riƙa kawo yara ranar Asabar.

Hanya ma ta canza. Da ƙuruciyata na tuƙa babbar mota zuwa Kumasi da Yamai da Njamena, daga baya na yi wa alhazai tafinta a Jidda. Ban taɓa tambayar kowa ko hanya na da kyau ba, sai dai in duba taya in tafi. Yau ƙauyen da aka haife ni, can bayan Dukku ta nan yankinmu, ya fi mini duk waɗannan garuruwa nisa. Tun da 'yan bindiga suka matsa, mutanenmu suka watse, babu mai babur ɗin da zai yarda ya kai ka.

Wannan watsewar ce ta kawo yayata gidana. Ta girme ni da nisa, ita ta goye ni. Ni na musulunta tun ina yaron mota, ita kuwa ta tsaya kan abin da iyayenmu suka bari, kuma ba mu taɓa yin faɗa a kan haka ba. Hausarta ta cefane ce kawai. Magana ta gaske sai da Dukanci, yarenmu na gado, kuma a gidan ni kaɗai ke jin ta.

A gidanmu ba a cin sabuwar dawa sai an kai wa uwar da ta rasu tata. Akan kife tukunya a kan kabari, mai ƙaramar huda a gindi. Idan aka yi girbi, babbar 'ya ta niƙa dawar farko, ta dama garin da ruwa, ta zuba ta wannan hudar. Sannan gida ya ci. Yayata ita ce babbar 'ya, kuma tun fitowarsu ba ta kai ba. Saboda haka duk dawar da aka girbe bayan ranar, sabuwa ce a wurinta. Da farko mun riƙa nemo mata tsohuwa a kasuwa, ta shinshina, ta ciza ƙwaya ɗaya, ta karɓa ko ta mayar. Daga baya tsohuwar ta ƙare a ko'ina. Shinkafa ba ta zama mata a ciki, masara kuwa cewa take abincin kaji. Ina kallo tana ramewa, zanenta yana ƙara zagaye ta. Na yi mata wa'azi, na yi lallashi, na kawo mai magani. Amsarta ɗaya ce: "Auta, ka taɓa ganin na ci na bar ta da yunwa?"

Matar ɗana ce ta kawo shawarar zuwa gidan tarihin. Yara sun dame ta, an yi musu maganarsa a makaranta, ta ce mu tafi da Yaya ko ta sha iska. Muka cika keke mai ƙafa uku muka tafi.

Na shiga gidajen tarihi a ƙasashe, har wanda na ga sarakunan da a naɗe cikin gilashi a Alƙahira, mutane na wucewa suna nuna su da yatsa. Namu ba haka yake ba. Ɗakuna ne ƙanana a jere, ɗaya na shiga ɗaya, ƙofar fita guda ce. Ga garma da lauje, ga kwari da baka, ga fitilar aci-balbal, ga tsohuwar rediyo da keken ɗinki. An ajiye dutsen niƙa a ƙasa, an yarda yara su gwada, suna ta rigima kan wanda zai riƙe ɗan dutsen. Iyaye mata na ɗaukar hoto da waya, mai zoɓo na bakin ƙofa. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ɗakin ya cika da zafin jiki. Duk da haka wurin ya burge ni. Na ga abubuwan da na manta na taɓa riƙewa.

A ɗakin ƙarshe, a lungun da aka tara kayan mata na karkara, Yaya ta tsaya. Wata baƙar tukunya ce a kan gammo, baki a sama, an wanke ta an shafe ta da mai tana sheƙi, an ɗora moɗa a kai. A jikin bango an rubuta cewa tukunyar ruwan sanyi ce.

Yaya ta saki hannun jikata, ta zauna a ƙasa dirshan.

"Auta," ta ce da Dukanci, "wa ya tayar da ita zaune?"

"Wa?"

"Uwarka. Ka makance ne a yawon duniyar?"

Na sunkuya. A wuyan tukunyar akwai zane irin tsagar da ke kumatun uwarmu, a ƙasa da shi kuma sawun babban yatsa a jere. Yaya ce ta gina ta da hannunta a shekarar da uwarmu ta rasu, ina can Kumasi. Sau da yawa na gan ta, amma kullum a kife, da ƙura da ciyawa a gefenta. Ban taɓa ganin cikinta ba sai ranar.

Yaya ta karkata tukunyar ta leƙa gindin. An toshe hudar da siminti.

"Sun toshe mata baki," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma ɗakin ya ji.

Mai kula da wurin ya ratso mutane ya iso. Tsohon malamin firamare ne, Banufe, sahu ɗaya muke tsayawa a masallacin unguwa.

"Iya, haƙuri, ba a taɓa na wannan ɓangaren," ya ce. "Alhaji, baƙuwarka ce? Me take cewa?"

Na duba baya. Mutane sun cika ƙofar da muka shigo, na ɗakin tsakiya suna miƙo wuya. Babu taga sai 'yar ƙarama can sama. Ga jikokina suna kallon bakina, ga matar ɗana, ga mutanen da suka san ni da carbi da farar hula. Ga kuma Yaya a ƙasa, ta rungume tukunya kamar za a ƙwace mata jariri. Na yi tafinta tsakanin Balarabe da Bayarabe, tsakanin ɗan sanda da direba a kan iyaka, ban taɓa rasa abin faɗa ba. Amma ranar na ji nauyin faɗar wannan da Hausa a gaban mutane.

Sai na juya zuwa Nufanci, don ni da shi kaɗai mu ji. Na gaya masa ko tukunyar mece ce, da amfanin hudar.

Ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Alhaji, ni na toshe ta da hannuna. Na zuba ruwa na ga tana yoyo, na ce wane irin magini ne wannan. Har yara sun sha ruwa a ciki ranar buɗe wurin nan."

Yaya ta ja bakin rigata. "Wannan kuma wane yare ne? Yarenka nawa, duk babu wanda ake cewa mutum ya ɗauke hannunsa daga kan uwarka?"

"Yaya, bai sani ba ne."

"To yanzu ya sani. Ya ba ni abata."

Na faɗa masa. Ya ce shi kaɗai ba shi da ikon fitar da komai, sai sauran dattawan sun zauna. Sannan ya tambaye ni a hankali, "In an ba ku, ina za ku kai ta?"

Wannan tambayar ce ta ɗaure ni. Ƙauye ba ya shiguwa. Gidana kuwa, gaskiya ban ga inda zan kife ta ba, a tsakar gidan da ake shimfiɗa tabarmar karatu kowace safiya. Na mayar wa Yaya tambayar, ina fatan ta ce gidana don in san da wa zan yi rigima. Sai ta harare ni.

"Ka taɓa ganin ta kwana gida ɗaya da masu rai? Kai dai an yi asarar goyo."

"To ina?"

Ta ƙara rungume tukunyar. Ta dai gyara zama, ta ce ba za ta tashi ba sai an kife ta an buɗe mata baki. Zufa na bin bayana. A waje ana kiran sallar azahar, ba hanyar fita, kuma ko da akwai ba zan iya barin ta a nan ba.

Ƙaramar jikata ta taɓa gwiwata. "Kaka, tukunyar miya ce ake faɗa a kai?"

Da Hausa ta yi tambayar, ba yadda zan yi sai in amsa da Hausa. Na ce, "Ta kan kabarin mahaifiyata ce. Ita kuma wannan tsohuwar ba ta cin tuwo sai ta zuba mata gari a ciki."

Wata mata ta janye ɗanta ta rufe shi da mayafi. Wani ya yi a'uzubillahi a hankali. Sai wani dogon mutum daga baya, da jin Hausarsa Bakambare ne, ya ce, "Mu ma a wajenmu akwai irin haka. Jama'a, ku ba tsohuwa wuri mana, ai ba wasan kwaikwayo ba ne." Ya shiga kora mutane waje kamar gidan nasa ne, har da masu son ɗaukar hoto.

Malam ya tsaya yana shafa gemu. Daga baya ya ce, "Ni dai ban ga komai ba. Abin da na sani, na yi gyaran da ba daidai ba, zan warware abina." Ya rufe ƙofar waje, ya samo ƙusa, ya durƙusa yana ƙwaƙule simintin a hankali don kada tukunyar ta tsage, Yaya na tsaye a kansa tana yi masa faɗa da yaren da ba ya ji, shi kuma yana ta cewa, "To Iya, to Iya." Matar ɗana ta fita ta auno sabuwar dawa a bakin titi. Aka ɗebo yashi a faranti daga tsakar gidan, aka kife tukunyar a kai.

A kan dutsen niƙan da yara ke wasa da shi Yaya ta niƙa dawar. Da matar ɗana ta miƙa hannu za ta taya ta, sai ta buge shi. Ta dama garin a cikin moɗar da aka ɗora wa tukunyar.

Malam ya fita da carbinsa. Ni na tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, na juya baya. Ban yarda garin zai kai ko'ina ba, kuma ban iya tafiya ba. Ina jin ta tana magana ƙasa-ƙasa, tana ba uwarmu labarin waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa da inda kowa ya faɗa. Na ji ta ambace ni, ta ce ina nan, na tsufa, har yanzu ba na jin magana. Da na waiwaya, farin ruwan ya cika yashin, ya tsallake bakin farantin yana bin siminti. A ƙauye ƙasa ce ke shanye shi nan take.

Ta daɗe tana kallon wannan ruwan. Sannan ta ce in kira mata malamin, in tambaye shi wanda ya kawo tukunyar. Ya ce wani saurayi ne cikin 'yan gudun hijira, ya kawo ta a bayan babur naɗe da tsumma, ya ce a adana kada shanu su fasa ta, bai faɗi sunansa ba, bai kuma faɗi ko ta mece ce ba.

"Tambaye shi," in ji Yaya, "da yaron ya ɗauke ta, me ya ajiye a wurin?"

Malam ya ce bai sani ba.

Ni ma sai lokacin abin ya faɗo mini. Makabartar gidanmu fili ce a gefen gona, ba dutse, ba bishiya, ba rubutu. Tukwanen nan su ne kaɗai shaida. Damina ta wuce a kan wurin ba sau ɗaya ba, babu mai nome ciyawa.

Yaya ta miƙo mini hannu na tashe ta. Muka hau keke muka koma gida. Da yamma matar ɗana ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta kai mata. Ta ci kaɗan, ta sha ruwa, ta ƙara ci. Ba wanda ya yi mata barka, mun dai yi kamar ba mu gani ba. Cikin 'yan makonni jikinta ya fara dawowa.

Dattawan sun zauna daga baya, suka ce tukunyar ta zauna a wurinsu, a kife, a kan yashi, aka kuma sauya abin da aka rubuta a bango. Idan an yi girbi malam yakan buɗe mana kafin mutane su zo, in raka Yaya, in tsaya a bakin ƙofa. Tana cin dawa yanzu kamar kowa.

Kabarin uwarmu dai ya ɓace. Ko gobe hanya ta buɗe, babu wanda zai iya nuna inda take kwance.