Gwaggo Birki, Mai Tsayar da Motar Shinkafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Hajiya Kulsumu mai daddawa a gidanta da ke Shinkafi, bayan gajeruwar jinya, aka yi mata sallah bayan azahar. Ina shagona a kan keken ɗinki labarin ya iske ni. Wanda ya kawo shi direba ne, Ɗanbaba, mutumin da suka shafe shekaru suna cacar baki da ita a kan hanya. Bai ce Hajiya Kulsumu ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Muhtari, Allah ya yi ma Gwaggo Birki rasuwa." Da wannan suna tashoshin mota suka san ta, daga Shinkafi har Gusau.

Gwaggo, kin yi rayuwarki a kan hanyar da maza ke yi wa iyalinsu wasiyya kafin su hau ta. Tun ana tafiya babu fargaba kike kai daddawa da kuka Gusau, har zamanin ɓarayin daji ya zo, ba ki fasa ba. Sai ga shi a kan gadonki kika cika, 'ya'yanki na kewaye da ke. Kowa da inda aka rubuta masa.

Gwaggo ba 'yar uwarmu ba ce, hanya ce ta haɗa mu, kuma sai na bi ta kan mahaifiyata kafin a gane abin da ta yi mana. Ni ɗan fari ne. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta ci ko sha a gabana. In tana da magana da ni sai ta faɗa wa matata, ko ta faɗa wa bango ina tsaye. Da hawan jini ya kama ta har ya fara taɓa ƙoda, aka tura mu babban asibiti a Gusau, likita ya ce wata-wata zai riƙa ganinta. Ya kuma fito mini fili: in ta daina zuwa, ko ɓarin jiki ya shanye ko ƙodar ta tsaya. Ƙannena mata suna gidajen aurensu a nesa, namijin yana kudu, matata ga goyo. Rakiya ta faɗo kaina.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a gida Inna na samun sauƙi, amma duk ranar da muka je asibiti sai a tarar jinin ya hau fiye da na baya. Likita ya yi ta tuhumata ko ba ma ba ta magani, ni kuwa na san ana ba ta. Wata rana a tashar Kaura Namoda, inda muke sauya mota, jiri ya kwashe ta ta faɗi. Da muka koma gida ta aiko matata ta gaya mini ita da Gusau an gama, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai da na haɗa ta da yayanta kafin ta yarda a sake zuwa sau ɗaya, ta ce daga shi ba ƙari.

A wannan tafiyar ce Allah ya zaunar da Gwaggo kusa da ita a bas ɗin Ɗanbaba, ni ina bayansu. Lokacin bazara ne, ana zafi mai tsanani. Gwaggo ta kurɓi ruwa ta miƙa wa Inna gorar, Inna ta ce ta ƙoshi. Gwaggo ta dubi leɓɓanta da suka bushe, ta tambaye ta da wa take tafe. Inna ta nuna ni da haɓa ba ta juyo ba. Gwaggo ta waiwayo ta ƙare mini kallo. Muna shiga cikin garin Moriki ta daki jikin mota da tafin hannu.

"Ɗanbaba, taka birki. Ni tsohuwa ta, marata ta cika. In ba ka tsaya ba kai za ka wanke motakka."

Mota ta kwashe da dariya. Ɗanbaba ya ce, "Gwaggo, hanyag ga ba ta wasa ta ba, rana na yi muna."

"Cikin gari muke, ba daji ba. Sauri ya haihi nawa." Sai ta juya wajen Inna. "'Yar uwa, taso ki raka ni, ban iya shiga gidan mutane ni ɗai."

Inna ta tashi, tunda rakiya aka roƙe ta. Wasu mata biyu da ba su ce uffan ba tun Shinkafi su ma suka sauka suka bi bayansu cikin wani gida a bakin hanya. Da suka dawo, na ga Gwaggo ta kare Inna da mayafinta ta miƙa mata gorar nan, wannan karon ta karɓa.

A tashar Gusau ta ja ni gefe. Ta ce, "Kai na ɗan hwarinta ko? To ka jiya. Tun jiya da la'asar ba ta sa ruwa bakinta ba sai ɗazu Moriki. Maganin sahe kau ba ta shan shi ranat tahiya, don yana sa hitsari. Ta gwammace ta mutu da ta ce a tsaya gabanka. Kak ka yi mata maganag ga, in ka yi ka ɓata. Ka dai roƙi likita shi riƙa aza maku ranar da nike tahiya."

Na yi wata da watanni ina kai uwata neman lafiya, ashe tafiyar ce ke ƙara mata ciwo, kuma ba abin da zan taɓa ganowa da kaina ba ne. Likita bai ƙi ba. Daga ranar Inna ba ta sake cewa ta gama da Gusau ba, jinin kuma ya daidaita.

Da tafiya ta yi tafiya na gane Gwaggo ba ta cika matsuwa da kanta ba. Dubawa take yi. In ta ga mai ciki na mutsu-mutsu, ko tsoho ya yi shiru yana share gumi, ko amarya na tafe da surukinta, sai ta ɗauki kunyar ta aza wa kanta, a yi mata dariya, su kuma su sauka a inuwarta. Takan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma dattawa maza da yawa sun amfana da birkinta, ba su dai faɗa. Tana da gidan da ta saba da shi a Moriki, da wani a Kaura bayan tasha, inda mata ke shiga makewayi su yi alwala. Ba ta fita daga gidajen nan ba ta ajiye musu ƙullin daddawa ba, don haka ba a taɓa ɗaure wa baƙinta fuska ba.

Sai dai a daji ba ta yarda a tsaya, ko don wa. Wani saurayi ya taɓa matsa wa direba ya tsaya masa bayan mun bar gari da nisa, direban har ya fara rage gudu. Gwaggo ta ce ko da wasa. Ta ce masa ya daure zuwa shingen sojoji na gaba, shi da aka tsaya a Moriki yana danna waya bai sauka ba. Ya yi ta ƙunƙuni, ta bar shi da ƙunƙuninsa. Da ya dawo mota ta ce masa, duk inda aka tsaya cikin gari mutum ya sauka, ko bai ji komai ba, ya rage mara ya miƙe ƙafa.

Haka take ba da shawara, ba a zaune ba, sai abu ya taso. Wanda ya ƙi ruwa ta ce masa kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan, ba a ƙi ba, ba a kuma kwankwaɗa. Wanda ya shigo da yunwa ta tsakura masa ƙuli-ƙuli, wanda ya cika ciki da maiƙo a tasha ta miƙa masa leda tun kafin mota ta tashi, ta ce za ta yi masa amfani. Mai tashin zuciya takan sa a bar masa gefen taga, ta ba shi citta ko lemun tsami ya tsotsa. Ita ta koya wa Inna ta riƙa zare takalmi tana motsa yatsun ƙafa, saboda kumburi. Ranar da wani mai ciwon suga ya fara rawar jiki, aka tambaye shi maganinsa ya ce yana cikin jaka a ƙarƙashin buhunan albasa, Gwaggo ta sa aka sauke kayan a gari na gaba, ta kuma yi masa tatas a gaban kowa. Tun daga nan duk wanda ta ga yana miƙa jaka a ɗaure sai ta tambaye shi ko da magani a ciki, ta ce magani a cinya yake tafiya. Ni kuma ta hana ni tashi daga tasha ban kira gida na faɗi motar da muka shiga da sunan direba ba.

Kafin ta shiga mota sai ta zagaya ta dubi tayoyi, sannan ta dubi idon direba. In la'asar ta yi mata a Kaura ba ta shiga motar Shinkafi, kwana take yi, mu ma ta sa mu kwana a gidan da take sauka. Na taɓa ganin ta tsokani wani direba ɗan Zurmi ba gaira ba dalili, ta ce mutanen garinsu ko jaki ba su iya kora ba balle mota. Mutumin ya harzuƙa, suka yi ta musayar magana har muka shiga gari. Can ta sa ya tsaya, ta ba shi goro, ta ce ya wanke fuska ya sha shayi. Ashe gyangyaɗi ta ga yana yi, ta ga in ta ce masa barci yake ji zai musa.

Ba zan ce ba ta da nata aibin ba, don da tana raye ma ba za ta yarda in yi mata ƙarya ba. Bakinta da kaifi, kuma ba ta san ta yi kuskure ba ko ta yi. In ka zauna kusa da kayanta, sai an wanke rigarka sau biyu kafin warin daddawa ya fita. Ban taɓa yi mata ɗinki ta yaba ba, kullum sai ta samo inda zare ya karkace. Direbobi kan ce in sun hango ta a tasha sun san yau ba isa da wuri. Amma a wajen jana'izarta na ga sahu guda kusan duk direbobi ne da 'yan kamasho, wasu daga Kaura suka taso.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta, Murtala da Asiya, da jikokinta, da danginta na Shinkafi da na Galadi, da matan gidajen nan na Moriki da Kaura da suka buɗe mata ƙofa shekara da shekaru. Ina yi wa Ɗanbaba da abokan sana'arsa ta'aziyya. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba ku ladan haƙuri.

Gwaggo, saura abu ɗaya in gaya miki. Ranar asibitin Inna ta faɗo a makon da ya biyo bayan rasuwarki. Ta je gaisuwa gidanki ta dawo, ni kuwa hankalina ya tashi. Kin hana ni yi mata maganar, kuma na san in ta koma ƙin ruwa da ƙin magani, wata biyu ba za a yi ba za ta sake cewa ta gama da Gusau. Na rasa ta inda zan ɓullo.

Da safiyar ranar na je ƙofar ɗakinta na yi sallama, na tarar ta shirya tana zaune. Ba ta sallame ni in jira a waje ba kamar yadda ta saba. Ta ɓallo maganinta ta haɗiye, ta ɗauki kofin ruwa ta shanye shi ina tsaye. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta sha ruwa a gabana ba. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Wanga yaro, in mun kai Moriki, ka ce ma direba shi tsaya."

Na ce, "To, Inna." Na fita da sauri don kada ta ga idona. A Moriki na yi wa direba magana, ya tsaya, ta sauka da ƙafarta. A Gusau likita ya gwada ta, ya ce lafiya lau, mu dawo wata mai zuwa.

Allah ya jiƙan Hajiya Kulsumu, ya gafarta mata kurakuranta, ya yalwata mata kabarinta, ya shayar da ita daga tafkin Alkausara. Yadda ta rufa wa bayin Allah asiri a kan hanya, Allah ya rufa mata nata ranar da za a tsaya a gabansa. Mu da muka saura, Allah ya kai mu gidajenmu lafiya, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.