Sallar da na bar gidana a buɗe

Shekarun baya can, ruwan madatsar Tiga bai daɗe da fara gangarowa gonakin Kura ba, maigidana ya samu aiki a wajen noman rani. Aka ba mu gida a layin ma'aikata, can gefen gari. Lokacin ina da sauran ɗanyen amarci.

Layin nan ciwonsa ɗaya: dukkanmu baƙi ne. Sallah na matsowa kowa zai ɗaure kaya ya tafi garinsu, wuri ya yi tsit kamar kufai, ɓarayi kuma sun san da haka. Sallar da ta gabata sun fasa gidan maƙwabciyata. Abin da suka iya ɗauka suka ɗauka, sauran suka farfasa, suka farke katifa, suka kelaya manja a kan tufafinta. Ni na taya ta tsince fasassun tangaran, tana kuka ina kuka.

Abin da nake wa tsoro jeren kwanonina ne. Mahaifiyata ce ta tara mini su ɗaya bayan ɗaya da sana'ar ƙuli-ƙuli, ta rasu ba a daɗe da bikina ba. Su kaɗai suka rage mini da hannunta ya taɓa.

Shekarar nan ƙaramar Sallah ta faɗo cikin kaka, za mu je Dawakin Kudu wajen iyayen maigidana. Ana cikin goman ƙarshe sai ga maigida ya dawo daga Kano da wani ƙaton kwaɗo, yana ɗaga shi yana murmushi.

"Wannan ko da guduma sai an yi gumi," in ji shi.

Na ce, "Malam, gidan da aka fasa bara ma ai akwai kwaɗo. Ni a ganina shi ke sanar da su babu kowa."

Na daɗe ina lura. Gidajen da aka shiga duk kamarsu ɗaya: kwaɗo a waje, ganye ya taru a ƙofa ba shara, babu hayaƙi. Gidan wani direba a layinmu kuwa, da matarsa ke jego ba su je ko'ina ba, ƙyaurensa ko sakata ba ya yi, amma ba wanda ya leƙa.

Akwai wata tsohuwa a cikin gari da nake sayen daddawa a wajenta, Inna nake ce mata. Kullum kukanta wajen shanya: kuɓewa da turararriyar shinkafa sun yi yawa, tsakar gidansu ƙasa ce, ga kaji. Tawa tsakar gidan kuwa siminti ce shimfiɗe. Sai na ce wa maigida mu bar mata gidan, ta kwana a zaure, surukanta mata su riƙa zuwa shanya da daka.

Ya dube ni kamar azumi ya taɓa ni. "Wato don gudun ɓarawo ki tara mini gari guda a gida?"

"Mutane dai, Malam."

Ya ajiye kwaɗon, ya ce, "To. Amma in kwano ɗaya ya yi ƙafa, kada ki zo mini da hawaye."

Ranar tafiya na miƙa wa Inna har mabuɗin ɗakina. Ta ture hannuna. "Kulle abinki, 'yar nan. Ba don ni ba, jikokina ko randa sai sun leƙa."

Jarumtata a bakin mota ta ƙare. Tuwon Sallah ya ƙi wuce mini, duk sujada sai na kai wa Allah zancen kwanoni, har ina jin kunyar kaina. Surukata ta ga ina ta juya cokali, ta fara yi mini wani irin murmushi tana aiko mini da tsamiya. Na kasa ce mata ba ciki ba ne, tunanin langa ne.

Da muka dawo, tun daga bakin magudanar ruwa muka jiyo luguden taɓarya. Muna shiga layi gabana ya faɗi: gidaje biyu an ɓalle musu ƙofa, an watso tarkace waje. Namu kuwa ya koma kasuwa. Kuɓewa ta rufe siminti, hayaƙin murhu ya baƙanta bango, bishiyar gwaibata kuwa jikokin Inna ko ɗanya ba su bar mata ba.

Inna ta tare mu tana dariya. Ta ce washegarin Sallah da hantsi wasu maza biyu suka tsaya da keke, cikin sababbin riguna, suka yi sallama wai ko maigidan na nan.

"Na ce wanne daga ciki? Sai na ƙwala wa yaran nan kira, suka fito kowacce da taɓaryarta a hannu. Na ce bayin Allah, ku shigo ku ci tuwon Sallah mana! Wai sun yi ɓatan gida. Keken ma ba su hau ba, turawa suka yi."

Na yi sauri na buɗe ɗakina. Jere na nan yadda na bar shi, ƙura kawai ta hau. Nan na durƙusa na yi sujadar godiya.

Maigida ya tsaya yana kallon baƙin bangon nan. Na ce zan shafe da farar ƙasa. Ya ce, "Bar shi, wannan aikina ne." Da yamma maza suka taru jajanta wa waɗanda aka yi wa ɓarna, ina daga ciki na ji ana tambayarsa wane maigadi ya ɗauka. Ya ce, "Ba ni ba ne, shawarar mai ɗakina ce." Sallar da ta biyo baya, kusan kowane gida a layin sai da aka ba wata tsohuwa shanya.

Har yau in na tuna sai in ji kaina ya ɗan fasu, Allah Ya yafe mini. Tsaro na Allah ne, amma na ga yadda Yake bi da shi ta hannun mutane. Allah Ya jiƙan Inna. Gwaiba ce kaɗai ladan gadin da aka karɓa, ita ma Inna ba ta ɗanɗana ba, don ba ta da haƙori.