Telan Da Ya Duba Kwala

Tun yana saurayi Baba Tela yake ɗinka wa ma'aikata riguna, har ya yi imani ana gane mutum daga ɗinkin jikinsa. Da autarsa ta kafe sai ta zama matuƙiyar jirgin sama, shi ya raka ta duba makarantu biyu. A ta farko jirage na tashi suna sauka, amma rigunan ɗaliban sun koɗe. A ta biyu ya juya kwalar rigar wani ɗalibi, ya ga ɗinki kamar an zana.

"Nan za ki yi," ya ce.

"Baba, ciyawa fa ta tsiro ƙarƙashin jirginsu."

Ya daka mata tsawa.

Ta gama karatun ba ta taɓa tashi sama da jirgi ba. Tun daga nan yake taka keken ɗinki kamar zai karya shi, yana tsine wa masu makarantar. Rannan suka aiko ya ɗinka wa sababbin ɗalibai riguna, ya fatattaki ɗan aiken.

Autar tana gefe tana sa maɓalli. "Gara da ka ƙi, Baba. Wani uban zai zo duba kwala, ɗinkinka ya ruɗe shi."